Ko Kun Sani? Dogon Yaro Maganin Ƙwari Ne

Dogon yaro, ko bedi, da ke inuwantar da titunan Zinder, asalinsa daga Indiya ne. A 1959, masanin ƙwari Bajamushe Heinrich Schmutterer ya lura a Sudan cewa fara ta cinye ganyen itatuwa ta bar na dogon yaro. Sirrin shi ne sinadarin azadiraktin, wanda ya fi yawa a ƙwallon 'ya'yansa, yana hana ƙwaro ci da saɓa. Wasu na kushe shi don ba ya kisa nan take, rana kuma na rage ƙarfinsa. Gaskiya ne, amma ƙwaron da ya daina ci ya daina ɓarna, fesa shi a gona da yamma kuwa yana kauce wa rana. Manoman waken Mirya da Magarya, ku tattara 'ya'yan nan, kada su ruɓe a banza.