Hadarin Gabas da Guguwar Teku: Abin da 2020 Ta Nuna

Duk manomin garin Gwangwan ya san hadarin damina daga gabas yake haɗowa, iska a gaba, ruwa a baya. Idan ya wuce Ƙaraye da Rogo, ba nan tafiyar take ƙarewa ba. Kaɗawar iskar da ke ɗauke da shi takan ci gaba yamma, ta ratsa Nijar da Mali da Senegal, ta faɗa Tekun Atlantika. Idan ta tarar da ruwan teku da ɗumi, kamar digiri 27, sai ta sha tururi, ta fara juyawa, ta rikiɗe ta zama mahaukaciyar guguwa.

A 2020 guguwa 30 aka raɗa wa suna a wannan teku, adadin da ba a taɓa gani ba. Sunayen da aka tanada suka ƙare, aka koma aron haruffan Girka. Laura, wadda ta afka wa jihar Luwiziyana ta Amurka ranar 27 ga Agusta da iska mai gudun kilomita 240 a awa, daga gaɓar Afirka ta Yamma ta taso. A Nuwamba kuma Eta da Iota suka bugi Nikaraguwa, mako biyu tsakani.

A nan gida kuma, a daminar 2020 ce Kogin Kwara ya cika har ya shiga unguwannin Yamai, ruwa ya shanye shinkafar Kebbi, gidaje suka rushe a Rogo da Dambatta.

Irin waccan guguwar teku ba za ta zo Kano ba, domin abincinta ruwan teku ne, da ta hau tudu take sanyi. Mai yaɗa saƙon WhatsApp cewa tana tafe tsorata jama'a kawai yake yi. Namu haɗarin shi ne iskar gaban hadari, wadda kan yaye kwanon da ƙusarsa ta saki, da ruwan da ke kwanciya a gindin katangar ƙasa har ta jiƙa ta zube cikin dare, mutane na barci. Wannan na biyu ya fi ban tsoro, don ba ya sallama.

Tun bazara a sake yaɓe, a duba indararo, a yashe kwata, a ɗaure rufi. Hadari ya taso, kada a fake gindin bishiya ko jikin tsohuwar katanga, kada a bar yara su ƙetare rafi da awaki. Hukumar kula da yanayi ta NiMet kan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Dagatai da limamai su nemo shi su karanta wa jama'a ranar Juma'a.