Ɗan kasuwa da kwantabul: yaushe biyan mai lissafi yake da riba?

Hirarmu ta yau bisa haraji take, amma ba bisa harajin kansa ba. Bisa kuɗin da ɗan kasuwa yake ba wani don ya yi masa lissafin harajin. Wannan mutum shi ake ce ma kwantabul, wato mai lissafi. Wasu suna cewa ɗaukarsa ɓarnar kuɗi ce. Wasu kuma suna cewa in babu shi tara za ta cinye jari. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiya. Abin da ya raba su shi ne girman sana'a. Don haka sai mu ɗora maganar bisa sikeli.

Da farko, mine ne aikin kwantabul? Yana tattara rasit da faktir na abin da ka saya da abin da ka sayar. Yana jera su wata-wata. Yana fitar da cinikin shekara da ribar shekara. Yana cika takardun da ake kai ma hukumar haraji ta ƙasa, wadda ake kira DGI, kuma yana tuna maka ranar biya. Iyakar aikinsa ke nan. Ba shi ke yanka maka haraji ba, ba shi kuma da ikon yafe shi. Doka ce ke yanka haraji. Dokar kasafin kuɗi kuwa kowace shekara ake sake ta, kuma sau da yawa tana taɓa lissafin. Shi ya sa abin da maƙwabcinka ya biya shekara uku da sunka wuce ba hujja ba ce gare ka bana.

A ƙasarmu ba ma'auni guda ake auna ƴan kasuwa da shi ba. Ƙananan masu sana'a suna biyan haraji dunƙulalle, wanda aka haɗa wuri guda, kuma ana duba yawan cinikinsu na shekara. Mutane da yawa har yanzu patanti suke ce masa. Manya kuwa bisa ainihin ribarsu ake lissafa nasu, kuma dole su kawo cikakkun littattafai. Tambaya ta farko da za ka yi ma kanka ita ce: ni cikin wane rukuni nike? Amsar tana biron haraji na garinku, kuma tambaya ba a biyanta. Kar ka ba kowa ko dala don ya gaya maka abin da ma'aikaci zai gaya maka kyauta.

Mu ɗauki misalai. Kuɗin da za mu faɗa don koyon lissafi ne kawai. Kowa ya sa nasa a madadinsu.

Ga mace mai tebur a kasuwa, tana sayar da gishiri, da magi, da sabulu. Cinikinta jika 10 a yini, ribarta jika 1 da rabi. In wani ya ce zai riƙa yi mata lissafi bisa jika 10 a wata, a shekara ya zama jika 120. Ku raba 120 da 1 da rabi. Ya ba da 80. Wato kwana 80 za ta zauna cikin rana tana yi ma mai lissafi aiki. Wannan ciniki bai yi ba. Abin da take bukata shi ne kaye guda da biki guda, da wurin ajiye tikitin kasuwa.

Ga kuma mai shago a Damagaram, yana sayar da shinkafa, da sukari, da mai, da taliya. Cinikinsa jika 80 a yini. In ya buɗe kwana 300 a shekara, cinikin ya kama miliyan 24. To, ba ya rubuta komi. Ma'aikacin haraji ya zo, ya tarar da shago cike maƙil saboda azumi ya gabato, ya ƙiyasta cinikin shekara miliyan 40. Da mi mai shago zai yi gardama? Da rantsuwa? Biro ba ya ajiye rantsuwa cikin dosiye. Mu ce, don misali, ana karɓar 3 cikin 100. Bisa miliyan 24 jika 720 ke nan. Bisa miliyan 40 kuwa miliyan 1 da jika 200. Bambancin jika 480. Da wannan mutum yana da kayen ciniki na kowace rana, da faktir na kayan da ya saro, da ya sami abin nunawa. Ko da ya ba kwantabul jika 50 sau guda a shekara don ya daidaita masa kayen ya fitar da jimla, bai yi asara ba. Amma ku lura da kyau: kwantabul ba zai iya daidaita kayen da babu shi ba. Rubutun kullum na mai shago ne.

A nan ne maganar ta fi nauyi, don haka mu daɗe kaɗan. Abin da ke sa kuɗin kwantabul ya yi tsada, galibi ba wuyar doka ba ce. Hargitsin takardu ne. Wani yana kawo masa buhun leda cike da takardu, wasu mai ya ɓata su, wasu ba kwanan wata, wasu rabinsu ya tafi wajen ƙunshe ƙosai. Mai lissafi zai kwana uku yana warwara, kuma kwanakin nan uku kai za ka biya su. Wanda ya kawo kaye tsaf, kowace rana da layinta, aikin yini guda ya kawo, kuma yana da bakin neman ragi.

Yaya ake rubuta kayen? A raba shafi gida huɗu: kwanan wata, bayani, abin da ya shigo, abin da ya fita. Bashi a ba shi nasa kaye dabam, da sunan mai bashi da ranar alkawari. Kuɗin cefane da ka zara daga akwatin shago, a rubuta shi, ko da dala 100 ne. Yawancin shagunan da lissafinsu ya rikice, aljihun gida da akwatin shago ne sunka zama ɗaya. Biki ya zo an zara, suna ya zo an zara, ƙarshen shekara mai shago yana cewa an cuce shi.

Ga wani tarko da ya kama mutane da yawa. A baki da dala muke ƙirga, amma takardun hukuma da tamma suke ƙirga, wato faran. Dala guda tamma 5 ce. Dala 20 ita ce 100 a takarda. Jika guda, wato dala 200, ita ce 1000 a takarda. In ka rubuta yau da dala, gobe ɗanka ɗan lakwal ya rubuta da tamma, jimlar ba za ta taɓa fita daidai ba. Ku zaɓi tamma, tun da ita biro ya sani. Haka mai saro kaya daga Katsina ko Kano ya shigo da su Maraɗi ta Ɗan Isa. Ya rubuta naira nawa ya biya, ya rubuta sefa nawa ta kama a ranar, don canji ba ya tsayawa wuri guda. Takardar duwan kuma a liƙa ta jikin faktir. Mai fitar maka da kaya a duwan aikinsa dabam, kuɗinsa dabam, ba shi ne kwantabul ba.

Dokar ciniki ma ta san da ƙananan masu sana'a. Nijar tana cikin ƙasashen OHADA, waɗanda sunka haɗa dokar kasuwanci guda tun yarjejeniyar 1993. Cikin tsarin lissafin da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018, an yarda ƙaramar sana'a ta riƙe lissafi mai sauƙi, na shiga da fita. Iyakar ita ce cinikin da bai kai miliyan 60 a shekara ba ga mai saye da sayarwa, miliyan 40 ga mai aikin hannu, miliyan 30 ga mai yi ma mutane hidima. Wannan iyakar lissafi ce. Iyakar rukunin haraji kuwa dokar ƙasa ce ke yanka ta, a biro ake tambayarta.

Yanzu misali na uku. Ga ɗan kasuwa da ya girma. Yana da lambar haraji, wadda ake kira NIF. Yana kai kaya ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyin agaji. Yana da ma'aikata huɗu masu albashi. Wannan kam kaye guda ba ya isarsa. Yana karɓar harajin TVA, 19 cikin 100, ya kai ma gwamnati. Yana cire harajin albashin ma'aikatansa. Yana zuba musu kuɗi a asusun CNSS. Ƙarshen Disamba ya rufe littattafai, kuma doka ta ba shi wata huɗu ya kammala lissafin shekara, wato zuwa ƙarshen Afrilu. In zai nemi kwangilar gwamnati, sai ya kawo takardar shaida cewa haraji ba ya binsa bashi. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana da ranarta, kuma jinkiri yana da tara.

Ku dubi TVA kaɗai. Ya sayi kaya na miliyan 1, ya biya TVA jika 190 bisa kai. Ya sayar da su miliyan 1 da jika 200, ya karɓi TVA jika 228. In yana da faktir ingantacce, irin wanda hukuma ta yarda da shi, sai ya cire 190 daga 228, ya kai jika 38. In babu faktir ɗin, ba shi da abin cirewa, duka jika 228 zai kai. Takarda guda ta ci masa jika 190, kusan ribar kayan gaba ɗaya. Kwantabul da ya hana wannan kuskure sau biyu a shekara ya fanshi ladansa. Ga irin wannan ɗan kasuwa, ni a ganina, ƙin ɗaukar mai lissafi shi ne tsadar.

Akwai kuma lokaci, wanda ba mu cika sa shi cikin lissafi ba. Yinin da tela ya rufe shago yana zaman layi, ɗinkin yinin ya tafi. In a jajibirin salla ne, asarar ta ninka. A sa wannan ma bisa sikeli.

To, wa za a ɗauka? Masu taimako iri-iri ne. Akwai ɗan gida da ya yi lakwal, yana iya jera kaye da tara jimla, amma bai san dokar bana ba. Akwai marubucin da ke zama bakin biro, yana cika takarda da abin da ka faɗa masa, in ka faɗi kuskure kuskure zai rubuta. Akwai ƙwararru masu rajista cikin ƙungiyar ONECCA, su ne aka yarda su riƙe ma wasu littattafai a matsayin sana'a, kuma suna da hukumar da ake kai ƙararsu. Sun fi tsada, kuma yawancinsu a Yamai suke. Tsakanin waɗannan akwai cibiyar da ake kira CGA, wadda ƙasashen UEMOA sunka tsara tun 1997 don ƙanana da matsakaitan ƴan kasuwa. Ana shiga ne kamar ƙungiya, a biya kuɗin shekara, su riƙe maka lissafi su kuma ba ka shawara. Majalisar ƴan kasuwa tana da rassa a jihohi, can ake neman bayaninta. Wanda ya je ya tambayi kuɗin shiga, da kuɗin shekara, da sauƙin da doka ta yi ma ƴan cibiyar.

Sai mutum guda da ya kamata a guje ma. Shi ne mai cewa: kawo kuɗin, ni na san mutane a ciki, zan sa a rage maka. Wannan ba mai lissafi ba ne. Kuɗin haraji da bai dawo da rasit na hukuma mai hatimi ba, ba a biya shi ba, ko da shaidu goma sun ga ka miƙa. Ranar da bincike ya zo, sunan da ke jikin NIF shi za a kira. Ko kwantabul na gaskiya ne ya yi kuskure, hukuma kai za ta fara bi, sannan kai ka bi shi. Saboda haka kar ka sa hannu bisa takardar da ba a karanta maka ba. In ka iya karanta lambobi, duba jimlar da idonka, ka gwada ta da ta kayenka.

Kafin a shirya, a yi magana a fili, a rubuta ta. Wane aiki ne cikin kuɗin? Biyan na wata ne ko na aiki guda? Wannan tambaya tana da muhimmanci ga masu sana'ar lokaci. Mai fataucin albasar Galmi, ko mai sayen wake da kaka, cinikinsa watanni kaɗan ne. Bai kamata ya biya ladan wata 12 daidai wa daida ba. A tambaya kuma: in shi ya yi jinkiri aka ci tara, wa zai biya? In masu bincike sun zo, zai zo ya tsaya, ko wannan kuɗinsa dabam? Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi, a nemi wani.

Takardun asali kuwa su zauna hannunka, shi a ba shi kwafi. In kun ɓata, ko ya yi tafiya, kar ya tafi da tarihin shagonka. Dokar OHADA ta ce a ajiye littattafan lissafi da takardunsu shekara 10. Wanda ya yi rajista a matsayin ɗan ƙaramin mai sana'a kuwa, aƙalla shekara 5. Gara da ruwan damina ba su san wannan doka ba. A sami akwatin ƙarfe mai murfi, a ɗora shi bisa dutse ko benci, nesa da bango. Rasit na injin da ake bugawa bisa siririyar takarda yana kwaɗewa cikin zafi, wata shida sai ka ga fari fat. Irin wannan a yi masa kwafi tun yana sabo, ko a ɗauki hotonsa da salula.