Gwajin Ɗan Tayi Kafin Dashe Da Rigakafin Cutar Sikila

Muna sanar da al'ummar Kwandiko da sauran garuruwan Gwaram da Birnin Kudu cewa cutar sikila, wato amosanin jini, gadonta ake yi. Idan miji da mata duk suna da nau'in jini AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato mai cutar.

Likitoci suna da hanyar kauce wa hakan. Sukan haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a ɗakin gwaje-gwaje. Bayan kimanin kwana 5 sai a ɗebi 'yan ƙwayoyin halitta daga ɗan tayin a bincika, sannan a dasa wanda ba SS ba a mahaifarta. An fara gwajin ɗan tayi a Landan a 1990. A Nijeriya ana yinsa a wasu asibitocin kuɗi na Legas da Abuja. Yakan ci miliyoyin naira, kuma ba kowane dashe ke kamawa ba.

Saboda haka gwajin jini kafin aure ya fi sauƙi ga talaka. Jihar Kano ta wajabta shi a 2024. Muna kira ga dagatai, masu unguwanni da limamai da su tura masu neman aure asibiti, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, tun kafin a sa rana.