An Sake Doka, An Sake Mota: Daga Fiorano Zuwa Garejin Gashuwa

Ran Jumma'a 23 ga watan Janairu na 2026 kamfanin Ferrari na ƙasar Italiya ya fito da sabuwar motarsa ta tsere, wadda ya raɗa wa suna SF-26, a filin gwajinsa na Fiorano, dab da garin Maranello inda masana'antarsa take. Direbobinsa biyu, watau Lewis Hamilton mutumin Ingila da Charles Leclerc mutumin Monako, su suka fara zagaya fili da ita. Fitar da sabuwar mota kowace shekara al'ada ce ga masu gasar Formula 1, amma ta wannan karo ta sha bamban, domin hukumar FIA mai kula da tseren motoci na duniya ta sake dokokin ƙira tun daga injin har gangar jiki, a lokaci guda, abin da aka daɗe ba a ga irinsa ba.

Formula 1 dai ita ce uwar gasar tseren motoci, an kuwa fara ta a 1950. Kusan kowane tsere yakan kai kimanin kilomita 305, wanda ya fi tafiya daga Nguru zuwa Gashuwa sau huɗu, a kan gama shi kuwa cikin abin da bai kai awa biyu ba. A miƙaƙƙiyar hanya motocin sukan wuce kilomita 300 a awa. Da za a share wa ɗayarsu titi daga tashar Nguru, da ba za ta cika kwata ba sai ga ta a ƙofar fadar Mai Bade.

Abin da sabuwar doka ta ce

Babban canji yana ga injin. Har yanzu mai silinda shida ne, mai cin lita 1.6, amma an rage masa aiki an ɗora wa batir. Daga 2014 zuwa 2025 ɓangaren lantarki ba ya ba da fiye da kilowat 120, watau ƙarfin doki kamar 160. Sabuwar doka ta kai shi kilowat 350, ƙarfin doki wajen 470, har ya zama kusan rabin ƙarfin motar daga lantarki yake fitowa. An kuma soke wata na'ura mai tsada da wuyar ƙira wadda ke tatsar lantarki daga hayaƙin salansa. Saboda haka batir ya dogara ne ga abin da yake samu in direba ya taka birki ko ya ɗaga ƙafa daga totur, domin a wannan lokaci gudun tayoyi ne ke juya janareta yana cika shi. Direban da ya yi almubazzaranci da batirinsa a farkon zagaye, zai ga abokan hamayya suna wuce shi a ƙarshensa.

Na biyu shi ne mai. Doka ta hana amfani da fetur ɗin da aka tace daga ɗanyen man ƙarƙashin ƙasa. Dole ne a haɗa man daga sharar gari, ko daga ragowar tsirran da ba abincin mutane ba, ko kuwa daga iskar kabon da aka kama.

Na uku, motar ta ƙanƙance. An rage faɗinta daga santimita 200 zuwa 190, tsakanin tayoyin gaba da na baya ya sauko daga 360 zuwa 340, nauyinta mafi ƙanƙanta kuma ya koma kilo 768, ragin kimanin kilo 30 ke nan. Fukafukanta na gaba da na baya, waɗanda aikinsu shi ne danne mota a ƙasa don kada ta kwace a kan kwana, yanzu motsi suke yi. A miƙe sukan buɗe iska ta wuce, a kwana su rufe.

Wanda ya riga fahimta shi ke ci

Tarihin gasar ya nuna cewa duk lokacin da aka sake doka, girma yakan sake gida. A 2009 wani ƙaramin kamfani mai suna Brawn, wanda Honda ta yar saboda matsin tattalin arziki, ya gano wata kafa a sabuwar dokar iska, sai ga shi ya kwashe kambun direbobi da na kamfanoni duka, Jenson Button ya zama zakara. A 2014 da aka shigo da injin mai haɗe da batir, Mercedes ce ta fi kowa shiri, ta riƙe kambun kamfanoni shekara takwas a jere har 2021. Da aka sake dokar gangar jiki a 2022, Red Bull ta karɓe, har ta ci tsere 21 cikin 22 a 2023.

Wannan ne ya sa Ferrari ya zuba dukkan ƙarfinsa a kan SF-26. Shi ne kaɗai kamfanin da bai taɓa fashin shekara ba tun 1950, amma daga 2007, lokacin da Kimi Raikkonen ya ci, har ƙarshen 2025 ba direbansa da ya sake zama zakara. A 2025 ko tsere ɗaya cikakke bai ci ba, ya ƙare na huɗu. Shugaban ayarin, Fred Vasseur, ya bayyana cewa tun a watan Afrilu na shekarar suka daina gyaran fukafukan tsohuwar mota suka koma kan sabuwa. An bar na hannu ke nan don neman na gaba.

Shi ma Hamilton akwai abin da ya rataya a wuyansa. Shi ne baƙar fata na farko da ya yi tsere a wannan gasa, kakansa kuwa daga tsibirin Girenada ya yi ƙaura zuwa Ingila. Ya zama zakaran duniya sau bakwai, daidai da Michael Schumacher na Jamus. Ya bar Mercedes ya koma Ferrari a 2025 don neman na takwas, amma shekarar ta ƙare bai zo ko na uku ba a babban tsere, abin da bai taɓa faruwa gare shi ba tun da ya fara a 2007. Ya cika shekara 41 kwana kaɗan kafin a buɗe motar.

Sabuwar dokar ta kuma jawo baƙi. Audi ta Jamus ta sayi ayarin Sauber ta shigo da injinta, Cadillac ta Amurka ta zama ayari na 11, Ford ta haɗa kai da Red Bull, Honda kuma da Aston Martin. Abin da ya ja hankalinsu shi ne batir da sabon mai, domin nan kasuwar motocin gida ta nufa.

Ina ruwan Nguru da Gashuwa?

Mai karatu yana iya cewa ina ruwan biri da gada. Rabon da a yi irin wannan tsere a Afirka tun 1993 a filin Kyalami na Afirka ta Kudu, ko da yake Shugaba Paul Kagame ya sanar a watan Disamba na 2024 cewa Ruwanda tana neman a kawo mata. Sai dai abin da aka gwada a filin tsere yakan biyo hanya har ya iso tasha. Birki mai faifai, wanda kowane makaniki ya saba da shi yau, ya yi suna ne bayan da Jaguar ta ci tseren Le Mans na Faransa da shi a 1953. Mota mai haɗa injin da batir kuwa Toyota ta fara sayar da irinta, Prius, tun 1997, tsofaffinsu kuma suna shigowa Nijeriya cikin motocin da ake kira 'yan Kwatano.

Mutanen wannan yanki sun san abin da sauyin abin hawa ke yi wa gari. Isowar jirgin ƙasa daga Kano a wajejen 1930 ita ta mai da Nguru matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu. Da jirgi ya ja baya, manyan motoci suka ɗauki kayan, gari ya cika da direbobi da makanikai da masu faci. Tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu na 2023, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a 2024. Kowane buhun shinkafa ko kwalin bandar kifi da ya tashi daga bakin Kogin Yobe, kuɗin mai yana cikin farashinsa. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya riga ya nuna ana iya cire injin ƙaramar bas a sa mata batir ta yi ta jigila a gari.

Damuwar tana ga mai gyara. Makanikin da ya koyi aiki a kan kabireta da filogi, yana gane ciwon mota da kunne, in aka kawo masa mai batir dole ya nemi na'urar da ke karanta kwamfutar mota. Batirin irin waɗannan motoci yana ɗauke da wuta ta volt 200 ko fiye, wadda ke iya kashe wanda ya taɓa ta da hannu ba sani. Yaron da ke koyon aiki yau a garejin Gashuwa, da waɗannan motoci zai ci abinci nan gaba.

Ya kamata gwamnatin Jihar Yobe, da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa wadda aka kafa a 2013, da kwalejojin fasaha na Damaturu da Geidam, su zauna da ƙungiyoyin makanikai a shirya gajerun kwasa-kwasai na lantarkin mota, da Hausa, a lokacin da mai gareji zai iya zuwa ba tare da ya rufe wurinsa ba. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Injiniyoyin Maranello sun bar cin shekara guda don su shirya wa sabuwar doka. Makanikan Nguru da Gashuwa ba su da halin barin ko na mako guda, saboda haka sai a kai musu ilmin har inda suke.