Mako Uku Ba Kifi: Halin Da Masunta Ke Ciki A Adogi

Duk wanda ya taɓa kwana a bakin rafi da fatsa a hannu ya san akwai ranar da ruwa kan yi rowa. Kwana ɗaya ko biyu ba wani abu ba ne, sai a ce yau ba sa'a. Amma idan aka cinye mako biyu aka shiga na uku, mutum yana zuba taru da almuru yana janyewa da asuba, ba abin da yake tararwa sai ganye da kwaɗi, to magana ta koma ta tuwon gida.

Irin wannan hali ne masunta na yankin Adogi kan shiga. Adogi gari ne a Ƙaramar Hukumar Lafiya, gabas da birnin, a kan hanyar da ta nufi Assakio da Shendam. Da can yana cikin Jihar Filato, har zuwa 1996 da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa. Yawancin jama'ar manoma ne na doya da rogo da shinkafa. Su kuwa sana'a ce da ake haɗawa da noma, a rafuka da fadamun da ruwansu ke gangarawa Kogin Binuwai.

Abin da ya fi cin ran masunci a irin wannan lokaci shi ne hanyar komowa gida. Zai ratsa gari da kwando a kife, kowa na yi masa barka da ruwa, shi kuwa yana amsawa da kai a sunkuye. Uwargida ba za ta tambaya ba, kwandon kawai za ta duba. Ga shi kuma sau da yawa tarun nan bashi ne, dillalin kifi ya sayo masa bisa sharaɗin duk abin da aka kama shi za a sayar wa. To me za a kai masa?

Daga nan sai a shiga canje-canje. Yau tana, gobe gara, jibi dusa. A bar wannan gurbi a koma wancan. Wani ya ɗora laifin a kan sanyin hunturu, wani a kan farin wata, wani kuma ya ce baki aka yi masa, ya tafi wurin malam neman laya. Mai maganar sanyi dai da gaskiyarsa, domin idan ruwa ya yi sanyi kifi kan lafe a ƙasa ya rage cin abinci. Sai dai hunturu ba bana ya fara ba.

Tarwaɗa da ƙarfasa da sauran kifayen Binuwai da damina suke hayayyafa, watau lokacin da ruwa ya cika ya malale cikin fadamu da ƙananan rafuka. A can 'ya'yan ke girma, sa'an nan su biyo ruwa idan ya fara janyewa. Shekarar da ambaliya ta yi ƙaranci, kamar lokacin farin 1973 da na 1984, kifi ma ƙaranci yake yi. Tun 1982 kuma, da aka gama madatsar Lagdo a Kamaru, cikar kogin ba ta ga damina kaɗai take ba. Wani lokaci a riƙe ruwan, wani lokaci a sake shi ya zo da ɓarna, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022.

Amma fa ba duka laifin ne ya zo daga nesa ba. Mazauna Kudu sun san Gamalin 20, maganin ƙwarin da manoman koko suka daɗe suna fesawa. Shi ne wasu marasa tsoron Allah suka mayar abin su a kogunan ƙasar nan: a zuba shi a gurbi, babba da ƙarami su taso matattu, a kwashe a kai kasuwa. Sinadarin da ke cikinsa yana daga waɗanda ƙasashen duniya suka amince a daina amfani da su a gona a 2009. Har wa yau akwai masu jan gidan sauro a ruwa, wanda ba ya barin ko ɗan kifin da bai kai yatsa ba. Wanda ya yi haka bana, shi ne zai fi kowa kukan rashin sa'a baɗi.

Mutanen Argungu sun daɗe da sanin maganin wannan. Gurbin Matan Fada hana su ake yi a cikinsa sai ranar biki, Sarkin Ruwa kuma yana sa ido. Shi ya sa a bikin 2005 aka fito da kifi mai nauyin kilo 75. Rafukan Adogi ba su kai wannan girma ba, amma ba abin da zai hana dagatai da sarakunan ruwa su keɓe gurbi ɗaya ko biyu, su kuma hukunta mai zuba guba.

Kafin a yi haka, 'yan'uwa da ke Agege da Sabon Ibadan da Shagamu za su ci gaba da sayen kifin banda da tsada. Idan kuma waya ta zo daga gida cewa ƙane yana neman kuɗin mota zai taho neman aiki, wataƙila tarun ne ya rataye.