Lambar Da Ta Ƙi Zuwa: Laifin Waya Ne Ko Na Layi?

Daren wata Alhamis, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, maƙwabcina ya buga mini ƙofa hankali a tashe. An kwantar da mai ɗakinsa a asibiti, ana neman a ajiye kuɗin aiki kafin asuba. Kuɗin kuwa suna nan a asusunsa, har da rara. Abin da ya rasa lambobi ne guda shida, waɗanda banki ya ce ya turo masa ta saƙon tes domin tabbatar da cewa shi ne mai tura kuɗin. Ya nemi a sake turowa ya fi sau goma, amma shiru kamar an aiki bawa garinsu. Har ya fara la'antar wayar, yana cewa gari na wayewa zai kai ta a yi mata fulashin.

Wayar ba ta da laifin komai. Da muka bi diddigi, sai muka gano cewa lambar da bankin ya sani ta tsohon layinsa ce, wanda ya ɓace tare da wata wayar shekara biyu da suka wuce. Maimakon ya je a dawo masa da shi, sai ya sayi sabo. Ƙananan hada-hada ba sa neman wannan lamba a manhajarsa, don haka bai taɓa lura ba. Daina samun alat da ya yi ma, ɗauka ya yi an rage masa cire-ciren kuɗi.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, wannan lamba ta tantancewa, wadda ake kira OTP, layi take bi. Daga banki ko WhatsApp ko Facebook take tasowa, ta ratsa kamfanin da aka ɗauka aikin tura saƙonni, ta shiga hannun kamfanin layinka, sannan turken sadarwa mafi kusa ya miƙo ta. Ko'ina a wannan hanya tana iya maƙalewa. Kuma saƙon tes ba ya hawa kan data, saboda haka mai garzayawa sayen data don lambar ta iso, asarar kuɗinsa kawai yake yi.

Gaggawa ma tana ƙara dagula lamarin. Lambar mintuna kaɗan take yi ta mutu, kuma a yawancin tsare-tsare, sabuwar da ka nema tana soke wadda ta gabace ta. Idan cunkoso ya saki, sai ka ga saƙonni biyar sun faɗo lokaci guda, ka ɗauki na farko ka shigar, a ce maka ba daidai ba ne. Wasu manhajojin kuma, idan neman ya yi yawa, rufe ƙofar suke yi na sa'o'i, don zaton ɓarawo ne ke gwada sa'a. Nema ɗaya, da jira na 'yan mintuna, ya fi danne-danne ashirin.

Gwajin da ya fi kowane sauƙi shi ne a sa wani na kusa ya turo tes na gaisuwa zuwa wannan layin. Idan shi ma bai iso ba, to matsalar tana ga layin ko wayar. A duba sabis, a kunna alamar jirgin sama na ɗan lokaci a kashe, ko a kashe wayar gaba ɗaya a sake kunnawa. In ya ƙi, a zare sim ɗin a saka a wata waya, ko da ƙarama ce mai madannai. Idan saƙo ya shigo a can, an san inda cutar take, wataƙila ma'adanar wayar ce ta cika. Idan ko a can bai shigo ba, sai a tuna cewa tun Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma an toshe layuka masu ɗimbin yawa a 2024 a kan haka. Wannan sai an je ofishin kamfanin layi, mai gyaran waya ba shi da maganinsa.

Idan kuwa tes na gaisuwa ya iso amma lambar ta ƙi, sai a leƙa inda ba a saba leƙawa ba. Manhajar saƙonni tana da wani lungu da take zuba abin da ta ɗauka shara ce, haka ma irin su Truecaller, kuma mutum kan toshe sunan mai turowa a cikin fushin tallace-tallace ya manta. Akwai kuma tsarin hana damu da saƙonnin talla da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ɓullo da shi a 2016, ta lambar 2442. Tsari ne mai kyau, sai dai idan mai turo lambar ya biyo da ita ta hanyar da ake turo talla don neman araha, shingen yakan tare ta. Tura kalmar HELP zuwa 2442 na nuna zaɓin da ke akwai. A kuma duba yadda aka rubuta lambar wayar: bayan +234, ana jefar da sifilin farko. Wanda ya sauya kamfani da lambarsa, abin da aka fara a Najeriya a 2013, shi ma wani lokaci saƙonnin waje kan yi masa ɓatan kai. Idan an kai kuka ga kamfanin layi ba a share hawaye ba, NCC na da layin ƙorafi kyauta, 622.

A irin wannan ruɗani ne 'yan damfara ke cin kasuwarsu. Mutum ya gaji, ya je Facebook ya rubuta kukansa har da lambar waya, kafin sa'a guda wani mai lallausar murya ya kira, wai daga banki yake, zai turo lamba a karanto masa don a gyara. Lambar takan zo kuwa nan take, domin shi ne ya nema, daga tasa wayar, yana ƙoƙarin shiga asusunka. Babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai nemi a karanto masa ita.

A ganina, bankuna da hukumomi ma da nasu kason laifin, da suka rataya dukiyar talaka a kan saƙo guda. Lokacin da aka katse sadarwa a Jihar Zamfara a Satumbar 2021 saboda matsalar tsaro, mai kuɗi a asusu da mara shi kusan ɗaya suka zama. Hanyoyi kuwa akwai su: WhatsApp na iya kiranka ya karanto lambar, wasu na turowa ta imel, bankuna na da 'yar na'urar token, sannan manhajoji irin su Google Authenticator na fitar da sabuwar lamba duk daƙiƙa 30 ko babu sabis, muddin agogon wayar daidai yake. Amma wa ke zama ya bayyana wa ɗan kasuwar ƙauye wannan a ranar da yake buɗe asusu?

A daren nan dai daga asusuna aka biya, kuma Allah Ya sauke ta lafiya. Washegari maƙwabcin nawa ya cike takardar sauya lamba a banki. Da yamma, don ya kawar da shakka, ya kira tsohon layin nasa. Wata baiwar Allah ce ta ɗauka. Ashe kamfani ya daɗe da sake sayar da layin bayan ya kwanta. Ta ce ai ta san sunansa sarai, domin wata da watanni duk albashin da ya shiga asusunsa, a wayarta take gani.