Ƙaddara da Zaɓin Bawa: Darasi Daga Gonakin Ɗan Saga

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci ɗan Adam, ya ba shi ji da gani da hankali, ya bayyana masa hanyar shiriya da hanyar ɓata. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi masu saurarenmu a Agye da Cadawa, da Gazawa da Gangara, da Gidan Rumji da Tibiri da Cadakori, darasinmu na yau yana kan wata kalma da ba ta rabuwa da bakunanmu, ita ce faɗarmu "haka Allah ya ƙaddara". Kalma ce ta gaskiya, domin yarda da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, rukuni ne daga cikin rukunan imani shida. Sai dai sau da yawa muna ajiye ta a inda ba muhallinta ba. Wanda ya sayar da hatsinsa da kaka domin biki, yunwa ta same shi da bazara, sai ya ce ƙaddara. Wanda ya saki matarsa cikin fushi, ya wayi gari yana cizon yatsa, shi ma ya ce ƙaddara. To mene ne rabon ƙaddara a cikin rayuwar bawa, kuma mene ne rabon zaɓinsa?

Abin da malamai suka bayyana

Malaman Sunna sun karantar da cewa Allah ya san kome tun kafin aukuwarsa, ya rubuta shi, kuma babu abin da ke gudana cikin mulkinsa face da nufinsa da halittarsa. Tare da haka, ya sanya wa bawa nufi da iko gwargwado, waɗanda da su ne yake aikata ayyukansa, kuma a kansu ne ake ba shi lada ko a kama shi da laifi. Ƙungiyoyi biyu ne suka kauce a wannan babi. Jabariyya suka ce bawa tilasta shi aka yi, kamar karan da ruwa ya ɗauka. Ƙadariyya kuwa suka ce bawa shi ke halittar aikinsa, babu ruwan Allah a ciki. Gaskiya tana tsakani.

Malaman tauhidi suna buga misali mai sauƙi. Dubi hannun mai zazzaɓi yana karkarwa, sa'an nan dubi hannun mai lafiya yana miƙawa zuwa ga akushi. Duka biyun motsi ne, kuma duka Allah ya halicce su, amma kowane mai hankali yana jin bambancinsu a jikinsa. Ba a tambayar kowa a kan karkarwar zazzaɓi. Miƙa hannu kuwa za a tambaye ka: akushin naka ne ko na maraya? Saboda wannan ne shari'a ta ɗauke alƙalami daga kan yaro har ya balaga, da mai barci har ya farka, da mahaukaci har ya warke. Inda babu zaɓi babu hisabi, inda kuwa akwai zaɓi to nauyi ya hau wuya.

Azumi shaida ne a kanmu

Ya ɗan'uwana mai azumi, ba sai an kai ka nesa ba wajen neman hujja. Da tsakar rana kana cikin ɗaka kai kaɗai, ga randa da ruwan sanyi, maƙogwaro ya bushe, babu limami, babu maƙwabci, babu mai ganinka sai Allah. Wa ya riƙe hannunka? Kai ne ka zaɓi ka bari, da taimakon Ubangijinka. Mai shan sigari da ke rantsuwa cewa ba zai iya awa ɗaya ba tare da ita ba, ga shi yana kaiwa daga alfijir har faɗuwar rana. Matashin da ke cewa tiramol ya fi ƙarfinsa, ga shi ya wuni bai haɗiya ba. Mai zafin rai, an zage shi a kasuwa, ya tuna yana azumi, ya yi shiru ya wuce. Wata guda cur Ramalana yana nuna mana cewa linzamin zuciya yana hannunmu. Wanda ya iya wannan a Ramalana, ba shi da bakin cewa ba zai iya ba a Shawwal.

Masu karɓar laifi da masu tura shi

Suratul A'araf ta kawo mana labarin biyu da suka saɓa wa umurni. Iblis ya ƙi yin sujada, ya kafa hujja da asalinsa, sa'an nan ya jingina ɓatansa ga Ubangiji, sai aka kore shi. Annabi Adamu da Hawwa'u suka ci daga itaciyar da aka hana su, suka ɗora laifin a kan kansu, suka nemi gafara, sai aka karɓi tubarsu. Duk mai kuskure a cikinmu yana bin sawun ɗaya daga cikin biyun nan.

Haka kuma labarin Ka'abu ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito. A shekara ta 9 bayan hijira aka fita yaƙin Tabuka cikin tsananin zafi, lokacin da ƴaƴan itatuwa suka nuna, inuwa ta yi daɗi. Ka'abu yana da lafiya, yana da abin hawa, amma ya yi ta cewa gobe zan shirya, har runduna ta yi nisa. Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya komo, mutane fiye da tamanin suka zo da uzurorinsu suna rantsuwa. Ka'abu mutum ne mai fasahar magana, da ya so da ya shirya uzuri. Sai ya faɗi gaskiya cewa ba shi da wani uzuri. Aka ƙaurace masa kwana 50, shi da Murara ɗan Rabi'u da Hilal ɗan Umayya, har duniya ta yi musu ƙunci. Daga baya Allah ya saukar da karɓar tubarsu a cikin Suratut Tauba, ana karanta ta har yau a cikin tarawihinmu. Masu uzurin ƙarya sun huta na ɗan lokaci, Ka'abu kuwa ya sha ɗacin gaskiya ya tsira.

Abin da ya auku a gonakinmu

Yanzu mu dawo gida, domin Allah ya nuna mana wannan darasi a ƙasarmu ta Maraɗi. Dattawanmu suna tune da farin 1973 da na 1984. A waɗannan shekaru gonaki sun zama fili fetal, iska tana kwashe ƙasa, rairayi yana binne shuka, har manomi ya sake shuka sau biyu ko sau uku a damana guda. Mata suna tafiya mai nisa neman itacen girki, wasu suna ƙona kara da kashin shanu. Rashin ruwan sama daga Allah ne, babu mai ja. Amma ƙarewar itatuwa da hannunmu a ciki. An ɗauka cewa manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa tas, kowace shekara ana sassabe duk wani tsiro ana ƙonewa. Ga kuma doka ta wancan zamani wadda ta sanya itatuwa ƙarƙashin hukuma, har manomi yana tsoron tarar jami'an gandun daji a kan itacen da ke cikin gonarsa. Abin da ba naka ba kuwa da wuya ka yi renonsa. An kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa daga waje, mafi yawansu suka mutu.

A shekarar 1983 wani masanin noma ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsirran nan da muke sassabewa toho ne na kututturen itatuwan da aka sare, kuma saiwoyinsu suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata shi ne manomi ya zaɓi kututture, ya bar rassa kaɗan mafi ƙarfi, ya datse sauran, ya tsare su daga gatari da bakin dabba. Wannan shi ne abin da muke kira sassabin zamani. Ba ya bukatar kuɗi ko ban ruwa, adda da haƙuri sun isa.

Lokacin yunwar 1984 an ba mutane abinci a kan su bar itatuwa a gonakinsu. Da taimakon ya ƙare, da yawa suka koma suka sare. Wasu kuwa suka bari, ana yi musu dariya ana cewa gonarsu ta yi ƙazanta. Ku lura da wannan wuri, ya ku ƴan'uwa. Ƙasa ɗaya ce, ruwan sama ɗaya ne, talauci ɗaya ne, abin da ya raba su shi ne abin da kowa ya zaɓa da addarsa. Bayan ƴan shekaru masu haƙuri suka ga sabara da kalgo suna tare iska, gawo yana kaɗe ganyensa da damana yana takin gona, ƴaƴansa suna ciyar da bisashe da rani, aduwa da magarya suna shiga kasuwa. Masu dariya suka dawo suna tambaya.

A ƙauyen Ɗan Saga da ke cikin Agye, mutane ba su tsaya ga gonar kowa shi kaɗai ba. Sun kafa kwamitin tsaron itatuwa, suka sanya mata da Fulani makiyaya a ciki, suka yi ƙa'idoji a kan mai saran itacen wani. Da matsalar abinci ta 2005 ta zo, masu itatuwa sun sami icce da ganye da ƴaƴan itace da za su sayar su sayi hatsi. Dokar gandun daji ta 2004 ita ma ta ƙarfafa haƙƙin manomi a kan abin da ya rena. Masu bincike da suka duba hotunan tauraron ɗan Adam sun ƙiyasta cewa fili kimanin hekta miliyan 5 ya sake yin kore a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. Saiwar Allah ya ajiye ta, shi ya rayar da ita cikin fari. Amma bai fito da ita inuwa ba sai da bawa ya ɗauke gatarinsa daga kanta. Wannan shi ne ma'anar da Suratur Ra'ad ta karantar a aya ta 11, cewa canjin halin al'umma yana rataye da canjin abin da ke cikin zukatansu. Kuma ya inganta a hadisi cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ne a gare shi.

Iyakar da ba a ƙetarewa

Kada wani ya fahimci cewa duk wanda ke cikin wahala shi ya jawo wa kansa. Wannan zalunci ne a magana. Tun daga 2019 dubban ƴan'uwanmu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako zuwa yankin Gidan Rumji, suna gudun ƴan bindiga. Ba su zaɓi a ƙone musu rumbuna ba, alhakin yana wuyan azzalumai da duk shugaban da ya yi sakaci da amanarsa. Ƙa'idar da malamai suka shimfiɗa ita ce, ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kafa ta a kan laifi. Fari da cuta da mutuwa da harin azzalumi, a nan ake haƙuri a ce Allah ya ƙaddara. Sakaci da sallah da cin amana da almubazzaranci, a nan tuba ake yi a gyara. Ko a cikin musibar ma akwai sauran zaɓi: mutanen ƙauyukan da suka buɗe wa baƙin nan gidajensu suka raba tuwo da su, zaɓi suka yi, kuma yana cikin mizaninsu.

Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya warware wannan tun da daɗewa. Yana kan hanyar Sham sai aka tare shi a Sarga da labarin annoba. Ya yi shawara da sahabbai, ya yanke komawa Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya nuna masa cewa komawar ita ma ƙaddara ce, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su, amma mai hankali ya san gefen da zai nufa.

Kowa ya duba gonarsa

To, ya kai magidanci, kafin ka ce an yi maka sammu, ka lissafa damman da ka fitar daga rumbu domin bikin da ya fi ƙarfinka. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya san fari na tafe, ya yi tanadin shekara bakwai, kuma babu wanda ya fi annabawa tawakkali. Ya kai saurayi mai shirin ci-rani zuwa Najeriya ko Libiya ko Aljeriya, neman halal ibada ne, amma ka bar wa iyali abin da za su ci, kuma ka san cewa abin da ka aikata a inda ba a san ka ba yana cikin littafinka. Ya ke uwargida, ƴan'uwanki mata a nan jihar Maraɗi suka fara asusun Mata Masu Dubara a 1991, da ƴan kuɗin da kowace ke zubawa mako-mako, har tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Ya kai uba, yaron da ka bari yana yawo ba allo ba boko ba sana'a, kai za a fara tambaya kafin a tambaye shi. Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce, a baya take.

A cikin kwanakin da suka rage na wannan wata, kowannenmu ya keɓe da Ubangijinsa bayan sallar dare, ya ware abu guda wanda ya daɗe yana ɗora wa ƙaddara ko dangi ko zamani, alhali ya san da hannunsa a ciki. Ya ambace shi da sunansa kamar yadda Ka'abu ya yi, ya nemi gafara, ya mayar da haƙƙi in akwai haƙƙi, ya ɗauki mataki na farko kafin ganin watan Sallah, sa'an nan ya dogara ga Allah a kan sakamako.

Allah ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu, ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon binta, ya ba mu damana mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.